Ranar da Aka Shayar da Goggo a Kebbe

Har ya koma ga Mahaliccinsa mutanen Tambuwal ba su daina kiransa Na'inna Tamosta ba, kuma duk wanda ya ambaci sunan sai ya yi ɗan murmushi irin na wanda ya san labari. Ba su san komai ba. Abin da suka sani shi ne abin da mai kuɗi ya faɗa musu da babbar murya a bakin fili, su kuwa suka haɗiye ba tauna, don ba a saba tambayar mai babbar riga shaida ba. Abin yana da ciwo, a ce mutum ya yi shekaru yana riƙon amana, rana ɗaya a liƙa masa sunan wauta, ya tafi da shi kabari.

Na'inna haifaffen Sanyinna ne, ɗan manoma. Yana saurayi ya ajiye fartanya ya bi manyan motocin da ke kwasar gyaɗa da fatu daga Jega zuwa Sakkwato, ya sha zagi da rankwashi har hannunsa ya faɗa, ya sami lasin. Mutum ne gajere, mai kaurin wuya, ba shi da yawan magana, ga taurin kai idan ya tabbata yana da gaskiya. Da Alhaji Ɗangiwa, babban mai sayen fatu da gyaɗa a Tambuwal, ya sayi tsohuwar mota a hannun wani Bature da zai koma ƙasarsu, Na'inna aka ba makulli. Motar baƙa ce, mai tudu, mai nauyin ƙofa, an ƙera ta tun zamanin yaƙin Bama. Tana tafiya a hankali tana gunaguni kamar dattijuwar da aka tasa daga barci, shi ya sa gari ya sa mata suna Goggo.

Tsohuwar mota ba ta son komai kamar a kula da cikinta, kuma a nan Na'inna ya fita daban da sauran direbobi. Su duk ruwan da suka samu shi suke ɗura wa lagireto, wato ma'ajin ruwan da ke sanyaya inji, na rijiya ne, na kududdufi ne, ko na wankin ƙafa. Shi kuwa ya ce duk ruwan da ke barin farin ɓawo a cikin buta zai bar shi a cikin inji, saboda haka Goggo ba ta shan komai sai ruwan sama. Da damina ta faɗi, matarsa Saudatu ce ke jera tukwane a ƙarƙashin indararo, ta tace ruwan da farin ƙyalle, ta juye a wata randa da aka keɓe, wadda ko mai gidan ba ya shan ruwanta. Takan yi aikin tana mita, tana cewa ita 'yar mutane tana shan na rijiya, ƙarfe yana shan na sama. Amma ba ta taɓa barin randar ta ƙafe ba.

A daminar shekarar da aka sami 'yancin kai, Goggo ta fara zazzaɓi. Da an ɗan yi nisa sai allurar zafi ta haura, murfin lagireto ya shiga huci. Na'inna ya duba fanka, ya duba fanbel ɗin da ke juya ta, ya bi tiyo ɗaya bayan ɗaya yana matsawa, har ya gano inda cutar take. A bakin tiyon sama, inda ruwa ke fita daga inji, akwai wani ɗan ƙarfe da bai fi ƙwan kaza ba, direbobi suna ce masa tamosta. Aikinsa tsaron ƙofa ne. Da sanyin safiya yana rufe hanya har inji ya ɗumama, idan ya ɗumama sai ya buɗe ruwa ya zaga. Na Goggo ya tsufa, tsatsa ta cinye shi, ya daina buɗewa yadda ya kamata.

To, a wancan zamani, daga Jega har Sakkwato, magani ɗaya aka sani ga wannan cuta, wato a cire abin a jefar. Ranar da Na'inna ya faɗi a tasha cewa sabo zai sa, sai da direbobi suka bar shan furarsu suka taru a kansa.

"Kai Na'inna, mi kaka nema da wahala?" in ji wani tsohon direba. "Abin ga na ƙasar sanyi na. Turawa sunka yi shi don ƙanƙara. Mu nan wace ƙanƙara muka da ita? Fidda shi ka yas, mota ta sha iska."

"Wanda yaƙ ƙera ta ba mahaukaci na ba," in ji Na'inna. "In ka fidda shi, inji ba shi ɗumama da safe, mai shi ka wanke mishi ciki, sannu sannu shi mutu kana kallo. Ni ba ni yi ma Goggo haka."

Aka yi masa dariya, ya bar su suna yi. Maganar ta riga shi zuwa gidan Alhaji Ɗangiwa, wanda bai san bambancin tamosta da tafarnuwa ba, amma ya san ba ya son a ce yaronsa ya fi kowa iyawa. Ya kishingiɗa a zaure yana taunar goro, ya dubi direbansa sama da ƙasa.

"Kowa yac ce a fidda, kai kaɗai kac ce a sake. To, sake. Amma ka ji da kyau, in wani abu yaf faru, kai na."

Sabon ya iso daga Sakkwato a aljihun wani direban babbar mota, naɗe cikin takarda mai maiƙo. Na'inna bai yarda da shi haka nan ba. Ya sa Saudatu ta ɗora ruwa a ƙaramar tukunya, ya ɗaura tsohon da sabon da zare ya zura su ciki, su biyu suka tsuguna suna kallo. Ruwa ya fara motsi, sabon ya buɗe baki a hankali, tsohon kuwa ko gezau. Saudatu ta tafa hannu tana salati, ta ce ita dai ba ta taɓa dafa ƙarfe ba sai a gidan Na'inna, kuma kada ya kuskura ya mayar mata da tukunyar ba wanki.

Washegari da hantsi ya yi aikin a ƙarƙashin bishiyar bedi da ke ƙofar gidan Alhaji. Ya buɗe ɗan famfon da ke gindin lagireto, tsohon ruwa ya tsiyaye ja wur da tsatsa. Ya kwance notin da ke riƙe da murfin tamosta, ya ciro mataccen, ya kankare bakin wurin da wuƙa har ya yi santsi. Ya yanko kwali mai kauri daidai bakin, ya shafe shi da giris, ya zaunar da sabon ƙarfe, gindinsa yana kallon inji, sannan ya ɗaure notin a hankali, wannan kaɗan wancan kaɗan, don kada murfin ya karkace. Ya yi ta ɗura ruwa yana zubarwa har abin da ke fita ya yi fari, sannan ya cika ta da ruwan randar Saudatu. Da ya tashe ta, allura ta hau zuwa tsakiya ta tsaya cak, kamar an kafa ta da ƙusa. Ranar Na'inna ya ci tuwo da yawa.

Abu ɗaya ya rage. Ya san tsohuwar tsatsa ba ta gama fita sai mota ta yi doguwar tafiya ta jijjiga, don haka ya ƙudura cewa a tafiya ta farko zai sake zubar da ruwan ya sa sabo. Tafiyar kuwa ta zo ana gobe bikin 'yancin kai. Alhaji ya ce za su Kebbe wurin Malam Atiku, mutumin da ke tara masa fatu daga hannun Fulani, su yi maganar kaka, su juyo a ranar. Dole su juyo, don Alhaji ya riga ya cika gari da cewa Goggo ce za ta shiga fili a gaban kowa da sabuwar tuta a goshinta, ya ma ɗinka riga musamman. Na'inna ya cika garwa biyu da ruwan sama, ya ɗaure su a bayan mota.

A nan sai an san wani abu. Saudatu 'yar Kebbe ce, kuma mahaifinta, Baba Ɗanmaliki, shi ke kula da bargar dawakin Malam Atiku tun yana da baƙin gashi. Tsoho ne siriri mai tsananin kishin aikinsa. Duk baƙon da ya sauka a gidan, kafin ya gama shan furar maraba an riga an sauke wa dokinsa sirdi, an share masa gumi, an dama masa dusa da jar kanwa a ruwa. A wurin Baba Ɗanmaliki babu abin kunyar da ya kai a ce abin hawan baƙo ya bar ƙofar gidan da ƙishirwa. Shi kuwa Na'inna, tun da ya auri 'yarsa bai taɓa kallon tsakiyar idonsa ba, bai taɓa cin abinci a gabansa ba, bai taɓa kama sunansa ba. In ya hango shi, tun daga nesa yake tuɓe takalmi ya tsuguna. Haka aka san suruki, kuma Na'inna bai taɓa ganin abin a matsayin nauyi ba.

Suka isa Kebbe kafin azahar, bayan sun sha yashi da laka. Allura ba ta motsa daga tsakiya ba ko sau ɗaya. Alhaji ya shige zaure, Na'inna ya je ya tsuguna ya gai da surukinsa, sannan ya dawo ya ɗaga murfin inji. Ya zubar da ruwan, ya rufe famfo, ya bar bakin lagireto a buɗe. Ba a zuba wa inji mai zafi ruwan sanyi, sai ya huce, in ba haka ba ya tsage. Yana cikin jira aka aiko cewa surukarsa tana kira. Wa ya isa ya ce wa uwar matarsa ta dakata? Ya shiga, aka zaunar da shi a ɗakin baƙi, aka kawo fura, aka kawo tuwo, 'yan uwan Saudatu suka yi ta shigowa ɗaya bayan ɗaya suna tambayar lafiyarta. Aka yi azahar, aka sake kawo wani kwanon.

A waje kuwa Baba Ɗanmaliki ya zagayo ya ga abin hawan baƙo tsaye a rana, baki buɗe, jiki zafi rau, ga ruwan cikinta ya malale a ƙasa. Ba kuma na kowane baƙo ba, wanda mijin 'yarsa ke ja. Tsohon bai yi shawara da kowa ba, don ba a shawara a kan abin da ya zama wajibi. Ya ɗauko jar kanwarsa mafi kyau, wadda yake ɓoyo saboda ingarman maigida, ya daka, ya dama da dusar gero a babbar ƙwarya, ya yi bisimilla ya ɗura a bakin da ya gani a buɗe, ƙwarya bayan ƙwarya, har ta cika ta tumbatsa. Ya mayar da murfi, ya share mata goshi da gefen rigarsa. Duk wannan a gaban Alhaji Ɗangiwa aka yi, yana zaune a bakin zaure yana ƙyaƙyata dariya, har ya miƙa wa tsohon goro ya ce ya kyauta.

Da Na'inna ya samu ya kuɓuto, hadari ya haɗo baƙi ƙirin daga gabas, Alhaji kuma har ya shige mota. Na'inna ya nufi wajen garwa.

"Ina za ka kuma? An riga an ba ta ruwa. Shigo mu tafi."

"Alhaji, bari in duba…"

"Ka duba mi? Ni nic ce maka an ba ta! Kana ganin hadarin ga, in rafi yac cika mu kwana nan? Ko ni ka tuƙi kai ka ba da umurni?"

A gaban Malam Atiku aka yi wannan tsawa, a gaban mutanen gari, a gaban surukinsa da ke tsaye yana murmushi. Na'inna ya ga murfi a rufe, ƙasa a jiƙe, ya ɗauka wani daga cikin barorin gidan ne ya juye garwarsa. Ya rufe inji, ya tsuguna ya yi wa tsohon sallama, ya ja mota.

Ba su yi nisa ba ya fara jin abin da ya tsinka masa zuciya. Duk ramin da suka faɗa, sai garwa biyun nan su yi wani nauyayyen sauti a baya, irin na garwar da ke cike. Ya saurara, ya sake saurarawa. Ba a taɓa ruwansa ba. Ya dubi allura, ta bar tsakiya.

"Alhaji, wane ruwa anka ba ta?"

"Ruwa dai. Tuƙa."

"Alhaji, don Allah in tsaya. Tana zafi."

"In kat tsaya kafin mu ƙetare rafin ga, ka aje min makullina."

Da Na'inna ya taka birki a lokacin, da an sha wahala amma da Goggo ta tsira. Bai taka ba, kuma wannan ne kaɗai abin da za a iya kama shi da shi, in har bin umurnin ubangida laifi ne. Suka ƙetare rafin, suka haura tudu, allura ta kai ƙarshe ta jingina. Sai inji ya yi wata ƙara kamar an fasa tulu, farin tururi ya turnuƙe gilashi, Goggo ta yi shiru a tsakiyar daji.

Da ta huce Na'inna ya buɗe murfin, wari ya buge shi, warin da duk wanda aka taɓa haihuwa a gidansu ya sani. Ya zura yatsa ya ciro abu mai kauri, mai yauƙi, ruwan ƙasa. Kunun kanwa ne sosai, ya dahu lugub a cikin lagireto, ya toshe kowace kafa, ya naɗe sabon tamosta kamar an tsoma shi a tuwo. Bai bukaci a gaya masa hannun wa ba ne. Mutum ɗaya ne a duk Kebbe ke da irin wannan kanwar. Ya zauna a kan laka, ruwan sama ya sauko a kansa.

Alhaji ya leƙo ya ga abin da ke yatsansa, dariyar ɗazu ta gudu. Amma mai kuɗi ba ya daɗewa cikin ruɗu, nan da nan ya auna inda ribarsa take. In magana ta fita, za a ce a gidan Malam Atiku aka kashe motar baƙo, Malam Atiku ya ji kunya, fatu su koma hannun wani. Za a kuma ce shi Alhaji yana zaune yana dariya aka yi, har da tukuicin goro.

"Na'inna," ya ce da murya ƙasa ƙasa, "ka san wa yay yi. Surukinka na. In kab buɗe baki, daga Kebbe har Sakkwato shi za a yi ma waƙa, tsoho mai ba mota dusa. Malam Atiku ko korar shi za shi yi. Ka ga sai ka zaɓa."

Wannan ba zaɓi ba ne, kuma Alhaji ya san ba zaɓi ba ne. Ya san mutumin da ba ya iya kama sunan surukinsa a ɗaki ba zai kama shi a kasuwa ba. Da wannan kunyar ya ɗaure shi, kamar yadda ake ɗaure akuya da igiyarta.

Suka kwana a wata ruga. Da gari ya waye Fulanin suka ba su shanu biyu, aka ɗaura wa Goggo igiya. Haka suka shigo Tambuwal da hantsin ranar 'yancin kai, shanu a gaba, Na'inna a kan sitiyari, Alhaji a baya rigarsa duk laka, kuma babu wata hanya sai ta bakin filin da duk gari ya taru. Masu kiɗa suka tsaya. Dariya ta fara daga gefe ɗaya ta zagaye fili. Alhaji ya fito yana huci, ya nuna direbansa da yatsa.

"Ku gan shi nan! Kowa yac ce a fidda abin ga, shi yac ce shi ya fi kowa sani. Ga abin da tamostanai yaj ja min!"

Mutane suka juya suna jiran abin da Na'inna zai ce. Ya dubi ƙasa. Direbobin tasha suka gyaɗa kai, kowa yana cewa ai shi ya faɗa. Ana ta murnar an kori mulkin wani a ranar, amma a bakin filin nan babu wanda ya tambayi talaka ko yana da ta cewa.

Abin da Na'inna ya yi bayan haka shi ya fi komai cin rai. Alhaji ya aika Sakkwato a kawo makanike, Na'inna kuwa ya san duk wanda ya buɗe murfin nan zai ga dusa, ya tambayi inda ta fito. Saboda haka kafin ya miƙa makulli, ya roƙi a bar shi ya wanke Goggo wankan sallama. Ya tura ta bayan gida inda ba kowa, ya kwance tiyo, ya sauke lagireto, ya yi ta ɗura ruwa yana girgizawa yana zubarwa, yana tsokalo dusa da tsinke, har bai bar ko ƙwaya ba. Garwa biyun nan na ruwan sama da su ya yi ɗaurayar ƙarshe. Da hannunsa ya wanke shaidar da za ta wanke shi. Da makaniken ya zo, ya tarar da kan inji ya tsage, lagireto fes, sabon tamosta kuma zafi ya kashe shi. Ya ɗaga shi sama kowa ya gani, ya wurga shi kan juji. Daga ranar nan sunan Tamosta ya bi Na'inna.

Babu mai motar da ya sake ba shi makulli. Ya je Jega, labari ya riga shi. Ya je Sakkwato, aka tambaye shi ko ya zo da tamosta a aljihu. A gida ma bai sami sauƙi ba, don Saudatu ba ta san komai ba sai abin da gari ya sani. Mata suna yi mata habaici a bakin rijiya, suna tambaya ko yau ma ƙarfe za ta dafa. Takan dawo ta dire tulu ta ce, "Kai dai taurin kanka yak kashe mu. Mi ab abin wuya ga jin maganar mutane?" Shi kuwa sai ya tashi ya fita. Randar ruwan sama ta bushe, gizo-gizo ya yi saƙa a bakinta.

Bayan an gama girbi, Baba Ɗanmaliki ya hau jaki ya taho Tambuwal. Ya ji mijin 'yarsa ya zama abin dariya, ba aiki, ba hatsi, ya zo ya tafi da ita gida har abin ya daidaita, in zai daidaita. Saudatu ta riga ta ɗaure kayanta a zane, tana tsaye a bakin ƙofar cikin gida. Tsohon ya zauna a kan tabarma a zaure, Na'inna ya tuɓe takalmi ya tsuguna can gefe, kansa a ƙasa. Tsohon ya daɗe yana faɗa, yana cewa yaran zamani ba su jin magana, ba su san darajar abin da aka ba su amana ba. Sannan ya ɗaga hannu cikin ɓacin rai.

"Ni abin da yaf fi ƙona min rai, dabbar ga lafiya lau tab bar hannuna. Ni da kaina nib ba ta ruwa! Jar kanwata da nika ɓoyo, ita nid daka mata, da dusa mai kyau, sai da taƙ ƙoshi. Don kai niy yi, don a san ɗiyata tana gidan mutum. Kai ko kaj je kak kashe ta a hanya!"

Saudatu ce ta shekara da shekaru tana tace ruwan sama da farin ƙyalle don kada ko ƙwayar ƙasa ta shiga cikin Goggo, ba ta bukatar a yi mata bayani. Ta dubi mahaifinta, ta dubi mijinta. Ta tuna duk abin da ta faɗa masa tun daga ranar bikin 'yancin kai, da yadda yake tashi ya fita. Na'inna ya ɗago ido ya dube ta sau ɗaya, ya girgiza kai kaɗan, yadda tsohon ba zai gani ba. Sannan ya ƙara sunkuyawa.

"Na yi kuskure, Baba. A yi min haƙuri."

Saudatu ta juya ciki da sauri, hannunta a kan baki. Da ta fito, babu ƙullin kaya a hannunta, sai ƙwaryar fura. Ta durƙusa ta ajiye a gaban mahaifinta, ta ce ya huta ya sha, amma ita ba inda za ta. Tsohon ya yi ta faɗa har la'asar, ya hau jakinsa ya koma Kebbe yana cewa an shanye masa 'ya.

Na'inna ya ƙare rayuwarsa yana tsaron injin niƙa na wani mutum a bakin kasuwa, ƙurar gari a gashin ido, mata suna yi masa tsawa a kan layi. Injin yana da tukunyar ruwa a kansa, kuma bai taɓa shan na rijiya ba, don daminar da ta biyo baya Saudatu ta wanke randar nan ta mayar da tukwane ƙarƙashin indararo, ba tare da mita ba. Alhaji Ɗangiwa ya sayi sabuwar mota, ya ci gaba da karɓar fatu daga Kebbe, ya mutu ana yabon kirkinsa. Baba Ɗanmaliki ya rasu a bargarsa da mutuncinsa, kuma har ƙarshen ransa, duk baƙon da ya sauka sai ya ba shi labarin ranar da ya shayar da mota da hannunsa. In labarin ya iso Tambuwal, ba mai haɗa shi da komai, don gari ya riga ya yanke hukunci. Na'inna ne ya yi wa tsohon wanka, shi ya kama makara ta gaba, kuma a hanyar dawowa daga maƙabarta wani ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Sannu da haƙuri, Tamosta." Ya amsa.